Gangamin Bishara A Sakandaren Kudu: Wa Ya Tambayi Iyayen Yaran Unguwar Hausawa?

Lokacin da nake hidimar ƙasa a wata sakandaren gwamnati da ke Inugu, ina koyar da Turanci, wata ranar Juma'a aka buga ƙararrawa tun da hantsi, aka ce kowa ya nufi babban ɗakin taro domin an yi baƙi. Baƙin matasa ne masu wa'azin bishara, ɗauke da ganguna da lasifika da ƙananan littattafai, kuma sun san aikinsu. Cikin sa'a guda sun yi waƙa, sun yi ɗan wasan kwaikwayo kan satar jarrabawa da shiga ƙungiyoyin asiri, sannan suka nemi duk wanda ya shirya miƙa rayuwarsa ga Yesu ya fito gaba a rubuta sunansa. A can layin baya akwai yara Musulmi ƙalilan, 'ya'yan fatake da mahauta daga Gariki, sun sunkuyar da kai. Ba wanda ya zage su, ba wanda ya ja su gaba. Sai dai malamin horo na tsaye a bakin ƙofa da bulala, kuma ba wanda ya tambayi iyayensu.

Irin wannan gangami tsohon abu ne a makarantunmu. Ƙungiyar Scripture Union, wadda ta samo asali a Ingila a 1867, ta yi ƙarfi sosai a ƙasar Ibo lokacin yaƙin basasa da bayansa, har ɗalibanta suka zama jagororin farkawar addini da ta biyo baya. A Arewa takwararta ita ce FCS, wadda aka kafa a Gindiri a 1957, shekara uku bayan kafa ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN a Legas. Tsarinsu ba a ɓoye yake ba: gangami domin jawo sababbi, sai ƙananan rukunai na nazarin Littafi Mai Tsarki kowane mako, sai sansanin dogon hutu, inda babban ɗalibi ke renon ƙarami. Wannan renon shi Kiristoci masu jin Hausa ke kira almajiranci, kalmar da mu a ofisoshin Abuja ba ma tunawa da ita sai an zo batun bara.

Adalci ne a faɗa cewa aikin yana da amfani ga 'ya'yan masu shi. A gari irin Fatakwal, inda ƙungiyoyin asiri ke farautar yara tun suna ƙaramar sakandare, duk wanda ya riƙe ɗan shekara goma sha huɗu da karatu da addu'a da abokan kirki ya rage wa 'yan sanda aiki. Kuma sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin yin addininsa da yaɗa shi. Masu cewa a haramta gangamin ɗungurungum suna neman abin da doka ba za ta ba su ba, wanda kuma da za ta ba su, gobe kan MSSN zai faɗa.

Amma sashen bai tsaya nan ba. Ƙaramin sashe na 2 ya hana a tilasta wa ɗalibi karɓar darasin addini ko halartar bikin addinin da ba nasa ba, ko wanda mahaifi ko mariƙinsa bai amince da shi ba. Ko halartar kawai doka ta hana a tilasta. Saboda haka taron da aka yi a lokacin darasi, a ɗakin taron makaranta, da malami a bakin ƙofa, ya ƙetare iyaka ko da mai wa'azin bai ambaci addinin kowa ba. Laifin kuwa na shugaban makarantar da ya buga ƙararrawa ne, fiye da na matasan da aka gayyato.

A Anacha lamarin ya fi sarƙaƙiya. Gwamnatin Ukpabi Asika ta karɓe makarantun mishan a 1970, sannan gwamnatin Peter Obi ta mayar wa majami'u da dama daga cikinsu, musamman a 2011, alhali gwamnati ta ci gaba da biyan albashin malamai. Bahaushen da ke kasuwanci a Titin Bida ko bakin gada, wanda ke son ɗansa ya samu ilimi mai inganci kusa da gida, sau da yawa makarantar coci ce a gabansa. Coci na da haƙƙin koyar da 'ya'yan mabiyansa, ƙaramin sashe na 3 ya tabbatar da haka. Yaron da ba mabiyinsa ba ne fa, a makarantar da kuɗin jama'a ke shiga?

Wanda yake ganin wannan ƙaramar magana ce ya tuna Kafanchan. A watan Maris na 1987, taron bishara na ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta garin ne ya rikiɗe ya zama faɗa tsakanin 'yan FCS da 'yan ƙungiyar ɗalibai Musulmi, kafin wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Mutanen unguwannin Hausawa a Kudu sun fi kowa sanin inda irin wannan wuta ke ƙarewa. A watan Fabrairun 2006, bayan rikicin Maiduguri, su aka bi a titunan Anacha. Jita-jita guda cewa an sauya wa yaro addini a makaranta ta isa ta tayar da gari, yanzu ma da WhatsApp ya rage wa jita-jita tafiya.

Kada kuma mu yi tuya mu manta da albasa. Unguwannin nan ba Musulmi kaɗai ke cikinsu ba. Akwai Kiristoci masu jin Hausa daga Kudancin Kaduna da Filato da Gombe da Adamawa, masu gadi da leburori da 'yan sanda, waɗanda wannan zumunta ta ɗalibai ke riƙe musu 'ya'ya a baƙon wuri. Sannan ƙaramin sashen da ke kare ɗan mahaucin Gariki shi ne ke kare ɗan Ibo Kirista a sakandaren Kano ko Gusau. Wanda ya nemi a girmama shi a Inugu ya yi shiru a Kano bai nemi doka ba, rinjaye ya nema.

Abin da ya rage a hannun masu karanta wannan shafi ba shi da wuya. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya na riƙe da makarantun haɗin kai fiye da ɗari, ciki har da na Inugu da Anacha da Fatakwal. Takardar umarni guda za ta iya tanadar cewa kowane taron addini, na kowane ɓangare, a yi shi bayan an tashi daga darasi; baƙin masu wa'azi su samu izini a rubuce; mahaifi ya rubuta a takardar shiga makaranta irin tarurrukan da ya yarje wa ɗansa; kuma kada a karɓi suna ko lambar wayar yaron da bai kai shekara 18 ba sai da sanin gida. Idan tarayya ta fara, kwamishinonin jihohi za su samu abin kwaikwayo.

Shugabannin unguwannin namu su ma suna da nasu kason. Mutanenmu ba baƙin jiya ba ne a can. Malam Umaru Altine ya riƙe muƙamin magajin garin Inugu tun shekarun 1950. Duk da haka, a shekarar da na yi a makarantar nan, ban taɓa ganin mahaifin ko ɗaya daga yaran layin baya a taron iyaye da malamai ba, kuma a irin wannan taron ne ake amincewa da jadawalin baƙin zango mai zuwa.