Amina a Baki, Gidanta a Kufai

Ku yi haƙuri, yau ban zo da ci gaban labari ba. Wata magana ce ta tsaya mini a wuya, kuma da 'yan'uwana marubuta nake, har da ni kaina.

Bayan girbin bara na raka wani abokina mai sayen masara daga nan Funtuwa zuwa Turunku, kudu da Zariya, a ƙaramar hukumar Igabi. Da ya gama awo sai na ce a kai ni tsohon garin da ke jikin duwatsu, mazaunin Bakwa Turunku, wato gidan su Sarauniya Amina kafin sarautar Zazzau ta koma wajen Kufena da birnin Zariya. Jama'a, wallahi na ji kunya. Wani yaro mai kiwon awaki ne ya yi mini jagora, yana nuna mini tudun ƙasa yana cewa nan ganuwa take. Ban da ciyawa da tsingaro babu abin da na iya ganewa, ni da na cika littattafai da fadoji masu ƙofar zinare.

To ai laifin ke nan. Mu marubutan da ake kira na kasuwar Kano, in za mu yi labarin yaƙi sai mu kwashi jarumi mu kai shi Birnin Sin ko Misra ko Hindu, wuraren da ko a mafarki ba mu taka ba, mu haɗa shi da aljani mai kai bakwai. Ga dutse a bayan gidanmu da aka yi mulki a jikinsa wajen 1536, ba mu taɓa hawa ba. Sunan kam muna so. Akwai ɗakin kwanan ɗalibai mata mai sunan Amina a Jami'ar Ahmadu Bello, akwai makarantar 'yan mata a Kaduna, har mutum-mutuminta aka kafa a Legas. A 2021 aka fito da fim ɗinta da Turanci, muka yi ta ƙorafi wai an ɓata mana tarihi. Wa ya hana mu riga su?

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mini a majalisa: wai kayan jahiliyya ne, me Musulmi zai tona a kufai? Sai na ce Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya fi ni da kai sanin addini, kuma bai ƙyamaci ambaton Amina da yaƙe-yaƙenta a cikin Infaƙul Maisuri ba. Tsohon Tarihin Kano ma ya kawo ta, ya ce Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Sai dai shi ya sa ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, shekara ɗari kafin Bakwa. Shi Bakwan ma har yau ana gardama ko namiji ne ko mace. Marubuci na gaske ai irin wannan giɓin yake nema ya shiga da alƙalaminsa.

Kada ma mutumin Funtuwa ya ce Zazzau ta yi nisa. Hakiminmu har gobe Sarkin Maska ake ce masa, amma tari samari goma a tasha ka tambaye su ina ganuwar Maska ta bi, ka ji amsa. Haka Gozaki a wajen Malumfashi. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya yi bayaninsu a littafinsa na tarihin Katsina tun 1981, da Turanci, mu kuwa da muke da masu karatu a cikin gidaje da shaguna muka bar shi a kanta. Kullum damina na cin ganuwa, mai yin bulo na ɗiba, tsofaffin da suka san sunayen ƙofofi suna tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Littafin da na yi muku alkawari, na yariman Birnin Sin, na ajiye shi a shafi na 60. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu Maska zan tafi da biro da littafin rubutu, an ce akwai wani dattijo da ya san inda kowace ƙofa take.