RA'AYI: Hanyar Burjin Da Alƙali Ya Hana A Zuba Wa Kwalta

Daga unguwar Georgetown da ke birnin Washington zuwa garin Cumberland na Jihar Maryland a Amurka, akwai wata siririyar hanya mai tsawon kilomita 297 wadda aka haramta wa motocin jama'a binta. Ƙasa ce da tsakuwa, Kogin Potomac a gefe guda, tsohuwar magudanar ruwa a ɗaya gefen, itatuwa kuma sun yi mata rumfa a mafi yawan tsawonta. Masu keke da masu tafiya a ƙasa ne ke da ita. A Cumberland ta haɗu da wata hanyar burji mai suna Great Allegheny Passage, wadda aka shimfiɗa a kan tsohon layin dogo, aka kammala a 2013. Saboda haka mai keke zai iya tashi daga babban birnin Amurka har ya isa Pittsburgh, tafiyar kimanin kilomita 540, wato fiye da nisan Abuja zuwa Kano, ba tare da ya yi gogayya da motoci ba, in ban da wasu 'yan wurare ƙalilan.

Darajar wannan hanya ta fito ne daga abubuwa biyu da aka hana ta: mota da kwalta. Labarin yadda aka yi hanin ya cancanci a saurare shi a duk wani babban birni da ake auna ci gaba da yawan titunan da aka buɗe.

Asalin hanyar turbar alfadarai ce. A ranar 4 ga Yuli, 1828, Shugaba John Quincy Adams ya sara ƙasar farko ta haƙa magudanar Chesapeake da Ohio, da nufin haɗa gabar teku da tsakiyar ƙasa ta hanyar jiragen ruwa na dakon kaya. A wannan rana ɗin aka fara aikin layin dogo na Baltimore da Ohio, wanda ya riga magudanar isa Cumberland da shekaru takwas. Sai a 1850 ruwa ya kai garin, bayan an gina ƙofofin ruwa 74 masu ɗaga jirgi su sauke shi, da gadoji 11 da ruwan ke bi ta kansu ya tsallake rafuka, da wani rami mai tsawon mita 950 da aka huda a cikin dutse. Alfadarai ne ke tafiya a gefe suna jan jiragen da igiya, galibi ɗauke da kwal. Ambaliyar 1924 ta kawo ƙarshen wannan ciniki, gwamnatin tarayya kuma ta sayi wurin a 1938.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da mota ta zama abin alfaharin kowane gida a Amurka, aka fito da shirin mayar da wannan yasasshen wuri titin shaƙatawa na motoci. A Janairun 1954 jaridar Washington Post ta goyi bayan shirin a sharhinta. Sai Mai Shari'a William O. Douglas na Kotun Ƙolin ƙasar ya rubuta wa jaridar wasiƙa, ya gayyaci editocinta su taka hanyar da ƙafa tare da shi kafin su yanke mata hukunci. Editoci biyu, Merlo Pusey da Robert Estabrook, suka amsa gayyatar. A ranar 20 ga Maris aka tashi daga kusa da Cumberland da mutum hamsin da ɗoriya. Bayan kwana takwas, mutum tara kacal ne suka taka hanyar tun daga farko har ƙarshe, cikinsu har da alƙalin. Gani ya kori ji. Jaridar ta sassauta matsayinta, shirin titin ya yi ta ja da baya, har a Janairun 1971 Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar da ta mayar da wurin gandun tarihi na ƙasa.

Ya kamata a yi wa editocin adalci, domin hujjarsu ba ta wauta ba ce. Cewa suka yi titi zai bai wa dubban iyalai damar ganin kyawun kogin, alhali turbar ƙasa ba ta amfanar kowa sai 'yan tsirarun masu juriyar tafiya. Irin wannan hujja ce ake kawowa har gobe a duk inda aka so cinye fili. Kuskurenta shi ne ta ɗauka kyawun wurin zai tsaya yana jira bayan an kawo mota. Abin da mutane ke nema a can shi ne shiru, da inuwa, da kukan tsuntsaye, da natsuwar uwa da ta saki ɗanta ɗan shekara shida a kan keke ba ta fargabar komai. Da zarar injin ya shigo, waɗannan su ne farkon abin da zai fita. Lokaci kuma ya ƙaryata lissafin 'yan tsiraru, domin miliyoyin mutane ne ke ziyartar gandun a kowace shekara, kuma ƙananan garuruwan da ke bakin hanyar, irin su Hancock da Brunswick, suna cin kasuwar masauki da abinci da gyaran keke.

Ita kanta tsakuwar tana da nata aikin. Hanyar da aka yi domin alfadari da jirgin ruwa ba ta da hawa da gangara, haka ma layin dogo, don haka tsoho da yaro duk suna iya tuƙi a kai. Burji kuma yana rage gudu ba tare da an kafa ɗan sanda ba, abin da ke sa mai keke da mai tafiya a ƙasa da mai kamun kifi su raba wuri ɗaya lafiya. Yana barin ruwan sama ya nutse, ba ya ɗaukar zafi kamar kwalta, kuma ba ya jawo kwaɗayin direban da ke neman gajeriyar hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Turbar da aka zuba wa kwalta yau, gobe za a ce a faɗaɗa ta.

Wannan ba ya nufin hanyar ba ta da aibu. Kogin Potomac ba ya barin ta ta huta. Guguwar Agnes ta yi mata mummunar ɓarna a 1972, ambaliya biyu suka sake afka mata a 1996, har wani sashe da ake kira Big Slackwater ya zauna a rufe sai 2012 aka sake buɗe shi. Idan an yi ruwa, taɓo da ramuka kan hana masu keken guragu da masu tura jarirai wucewa, kuma kokensu gaskiya ne. Maganin da hukumar gandun ta ɗauka a 'yan shekarun nan shi ne sake shimfiɗa dakakken dutse a daddale shi sashe bayan sashe, ta yadda hanyar za ta yi santsin tafiya ba tare da ta zama titi ba. Wato burji ma yana cin kuɗi, kuma yana buƙatar hukumar da ba ta gajiya da gyara. Wanda ya ɗauka barin wuri ba kwalta daidai yake da yin watsi da shi, bai fahimci darasin ba.

Wasu ƙasashen sun bi irin wannan sawu. A Ingila da Wales, gidauniyar Canal & River Trust ta karɓi kula da magudanan ruwa masu tsawon kimanin mil 2,000 a 2012, turbobin gefensu kuma a buɗe suke ga masu keke da masu tafiya. A yankin Wallonia na Beljiyam, tun 1995 ake mayar da turbobin gefen ruwa da matattun layukan dogo hanyoyin da babu mota. Dukkansu abu ɗaya suka gane: dogon zirin ƙasa da ba ya yankewa dukiya ce da ba a iya haɗa ta sau biyu. Idan aka yanka shi fuloti-fuloti, babu gwamnatin da za ta iya sake sayen sa.

A nan ne labarin ya taɓo Najeriya. Tsarin ginin Abuja ya keɓe filaye masu ciyayi da bakin rafuka domin iska da shaƙatawa, kuma shekara da shekaru ana kokawa kan yadda gine-gine ke cinye su. A Jihar Kano, manyan magudanan noman rani da ke ɗauko ruwa daga Madatsar Tiga suna da hanyoyin burji a gefensu, waɗanda manoma suka daɗe suna bi da kekunansu. Ba wanda zai ce a tura jama'a yawon keke cikin dazuzzukan da 'yan bindiga suka mamaye; tsaro ne sharaɗi na farko. Amma filayen da ke cikin gari da gefensa ba 'yan bindiga ke barazana gare su ba, takardar mallakar fili ce, kuma wannan barazana alƙalami ɗaya ke tsayar da ita.

Douglas bai shigar da ƙara ba, bai yi amfani da kujerarsa ba. Abin da ya nema shi ne masu yanke shawara su je su taka wurin da ƙafafunsu kafin su sa hannu. Wannan buƙata ce da ta dace a gabatar wa duk wani minista ko darakta da aka ajiye wa taswirar wani zirin daji ko bakin rafi a kan tebur, aka ce masa wurin banza ne yake zaune.