Yaye a Zamfara: tsakanin bulumboti da kofi

A ƙasashe irin su Ingila da Amurka, likitoci kan shawarci iyaye su raba yaro da bulumboti daga lokacin da ya cika shekara ɗaya, saboda gudun lalacewar haƙora. A Talata Mafara da Bakura da Maradun kuwa, batun ya wuce na haƙora, domin ran yaron ne ke cikin haɗari.

Bakin robar bulumboti yana da wuyar wankewa, kuma ba ya tsarkaka sai an tafasa shi bayan kowace shayarwa. Hakan na bukatar ruwa mai tsabta da itace ko gawayi, abubuwan da ba su wadaci matar da 'yan bindiga suka raba da ƙauyenta ba. Ragowar madara ko kunun da ya maƙale a ciki yakan lalace cikin zafin rana, sai gudawa ta biyo baya, yaron ya rame, tamowa ta samu shiga.

Ga kuma tsadar madarar gwangwani, wadda kan sa uwa ta ƙara ruwa don ta yi auki. Cikin yaron yakan cika, amma jikinsa bai samu abin da yake bukata ba.

Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda tun 1981 ta kafa ƙa'idar taƙaita tallan madarar jarirai da bulumboti, ta fi son a yi amfani da buɗaɗɗen kofi. Shawararta ita ce nono zalla na wata 6, sannan a haɗa da abinci har shekara 2, wa'adin da ya dace da abin da ke cikin Suratul Baƙara. Sai dai binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Najeriya ke samun nono zalla.

Al'adar yaye ma tana da nata laifin. Sau da yawa rana ɗaya ake cire yaro daga nono a kai shi gidan kaka, musamman idan uwar ta samu juna biyu. Yaron da bai saba da kofi da cokali ba yakan ƙi cin abinci kwana da kwanaki.

A 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda Talata Mafara ke cikin wuraren da ta yi jinyar masu tamowa, ta ce yaro 1 cikin 4 'yan ƙasa da shekara 5 da ta auna a Shinkafi da Zurmi na fama da cutar.

Amma kofin ma da ruwa ake wanke shi. Wannan yanki shi ke da madatsar ruwa ta Bakolori, kuma daga cikinsa gwamnoni 3 suka fito tun 1999, wato Ahmed Sani Yariman Bakura, da Abdul'aziz Yari, da Bello Matawalle. Duk da haka a ƙauyuka da dama, daga rijiya ko rafi uwa ke ɗebo ruwan da za ta dama wa ɗanta kunu.