Gas na tukunyar tuwo ne, a bar wa rana ruwan wanka

Tun da sanyi ya fara leƙo Jazira nake jin ana tallar sakhan ɗin gas a Madani, wato na'urar nan da ake kafawa a bango: ka buɗe famfo wuta ta kama, ruwa ya fito da zafi, ka rufe ta mutu. Masu sayarwa suna cewa tana rage ɓarna. Suna da gaskiya, in an gwada ta da tsohon sakhan mai tanki, wanda ke kwana yana ɗumama ruwan da babu mai wanka da shi. Amma ni ban ga dalilin da magidanci zai kai kuɗinsa wurinta a halin da muke ciki ba.

Lissafi nake koyarwa, to bari mu yi shi. Bokiti mai lita 20, in ana so ya tashi daga sanyin asuba ya yi daɗin wanka, zai ci gas kusan giram 60. Gida mai mutum takwas, kusan rabin kilo ke nan kullum. Anbuba mai kilo 12.5 ba za ta cika wata ba, alhali ba a ɗora ko shayi a kanta ba. Kuma wannan lissafin bokiti ne. Yaro in ya samu ruwan zafi yana zubo masa a ka, wallahi sai an ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Ina gas ɗin ma yake? Matatar Jaili da ke arewacin Khartoum, wadda ta daɗe tana ba mu gas ɗin girki, yaƙi ya tsayar da ita, yanzu sai wanda aka shigo da shi ta Port Sudan. Daga Disambar 2023 da RSF ta shiga Madani zuwa Janairun 2025 da soja suka karɓe garin, mata da gawayi da itace suka yi girki, da yawa har yau. Wanda ya san dajin Um Barona kafin yaƙi, ya je ya duba shi yanzu. Duk anbubar da ta ƙare a bayan gida, wata bagaruwa ce za ta biya a bakin kogi.

Akwai kuma abubuwa biyu da mai shago ba ya faɗa. Na'urar ba ta kamawa in ruwan famfo ba shi da ƙarfi, mu kuwa mun san famfonmu. Na biyun ya fi muni: in aka kafa ta cikin ɗakin wanka a rufe, babu bututun fitar da hayaƙi, tana tara iska mai guba wadda ba ta da wari. Mutum zai ji jiri, ya faɗi, na waje suna zaton wanka yake.

Rana kuwa ba ta bin layi. Jarka baƙa a tsakar gida tun hantsi, kafin la'asar ta yi ɗumi, a mai da wankan yara lokacin. Alwalar asuba buta ɗaya ta isa. Ga gwamnatin jihar Jazira kuma, roƙona biyu ne: rabon gas ya isa ƙauyukanmu yadda yake isa unguwannin cikin gari, sannan kada a bar kowa ya sayar da sakhan ɗin gas ba tare da bututun hayaƙi da mai kafawa wanda ya san aikin ba.