Rufe gadar Malanville: masu walda na ji a jikinsu

Duk wanda ya zaga Malanville da garuruwan kewayenta irin su Toumboutou, a jihar Alibori ta arewacin Benin, zai ga yadda ƙofar ƙarfe mai ado ta zama abin yayi a sabbin gidaje. Zanen dagi da sauran adon da magina suka saba yi a bangon ƙasa a Damagaram da Zariya, yanzu kan farantin ƙarfe ake fitar da su, a kafa a ƙofar gida ko taga ko baranda. Adon yana tare ɓarawo, yana barin iska ta shiga, abin da ake buƙata a yankin da zafin bazara kan wuce digiri 40.

Sai dai sana'ar tana tsaye ne a kan ƙarfe, da wutar lantarki, da masu saye, kuma rikicin iyaka ya taɓa dukkansu.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma Nijar ta bar nata a rufe. Hukumomin Yamai na zargin Benin da ba sojojin Faransa masauki, zargin da Kwatano ta musanta.

Kafin rikicin, yawancin kayan Nijar ta tashar jiragen ruwan Kwatano suke shigowa, su yi tafiyar sama da kilomita 700 zuwa gadar. Da aka rufe ta, manyan motoci suka koma hanyar Lome da Burkina Faso, mai nisa da haɗari, inda sai da rakiyar soja. Ƙarfe kaya ne mai nauyi, don haka kuɗin mota na hawa kai tsaye kan farashin kowane faranti. A Gaya, masu walda sun kuma sha fama da ƙarancin wuta lokacin da Najeriya ta katse wa Nijar lantarki a watan Agustan 2023.

A ɓangaren Benin, matsalar ta masu saye ce. Kasuwar Malanville na cikin mafi girma a ƙasar, kuma fatake da direbobi da masu dako ne ke juya kuɗi a garin. Idan ciniki ya tsaya, gini ma ya tsaya, mai gida kuma adon yake fara yafewa. Jama'a na ƙetare kogin Kwara cikin kwalekwale da buhuna da kwalaye, amma babbar ƙofar ƙarfe ba kayan ƙaramin jirgi ba ce.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne yaran shago masu koyon aiki. Idan babu oda, maigida ba ya iya riƙe su, wasu kan koma acaba ko su tafi cin rani. Ko da motoci sun dawo kan gadar, horar da wanda ya iya yanka dagi a kan ƙarfe aiki ne na shekaru.