Gidan Ma'aikaci da Guzurin Tsufansa

Tun watan Satumba na 2022 da Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom, ta yarje wa ma'aikaci ya ciri rubu'in abin da ya tara a asusunsa na fansho ya bayar kafin alƙalami, domin banki ya ranta masa cikon kuɗin gida, ake ta yi mana bushara cewa zaman haya ya zo ƙarshe a Abuja. Amma har gobe, liman bai gama sallame sallar asuba ba, za ka tarar da ma'aikata sun yi cincirindo a bakin titin Mararraba da Nyanya da Suleja, takardun ofis a hammata, suna kokawar mota zuwa Sakatariya.

Mun ji hujjar masu cewa tsohon da ya yi ritaya a ɗakinsa ya fi wanda ke jiran takardar tashi daga mai gida, kuma ba mu musa ba. Sai dai a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, rubu'in nan ko harsashi ba zai kafa a Lugbe ba; sauran kuwa bashi ne mai ruwan da a bankunan kasuwa ya haura kashi 20 cikin ɗari, wanda Musulmi mai taƙawa ke gudu domin riba ce, mai hankali kowane iri kuma ke gudu domin halaka ce. A fara rage ruwan nan, a buɗe hanyar da babu riba, kafin a kwaɗaita wa bawan Allah taɓa guzurin tsufansa.

Ba mu manta ba. Tun 1992 ake yankar kashi biyu da rabi na albashi da sunan Asusun Gidaje na Ƙasa. Zamanin Obasanjo aka sayar da gidajen gwamnati na Abuja, waɗanda suka shigo aiki daga baya suka tarar da wayam. A 2021 kuma kotu ta ɗaure Abdulrasheed Maina shekara takwas saboda kuɗin 'yan fansho. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma gudu yake yi.

Saboda haka muna kira ga Ministan Abuja ya ware filaye masu takarda domin ƙananan ma'aikata, ga Babban Banki da PenCom kuma su rage ruwan, su buɗe hanyar da babu riba. Kafin a yi haka, shawararmu ga ma'aikaci ita ce ya bar fanshonsa inda yake.