Tsintsiya Maɗaurinki Ɗaya: Hattara da Ɗaure Na'urorin Suwic Wuri Guda

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan a kan kwamfuta, kuma takan buƙaci cibiyar jarrabawa ta tanadi aƙalla kwamfuta 250. Ɗalibin da ya zauna a irin wannan zaure allo da madannai kawai yake gani. Ba ya ganin akwatin ƙarfen da ke can ƙuryar ɗaki, inda wayoyin dukkan kwamfutocin suka haɗu a jikin wata na'urar rarraba saƙonni da ma'aikatan fannin suke kira suwic. Babbar suwic ta yau da kullum ƙofa 48 gare ta, saboda haka kwamfuta 250 sai da suwic shida. Yadda za a haɗa waɗannan shida da juna shi ne zai nuna ko jarrabawa za ta tafi lami lafiya, ko kuwa yara 250 za su zauna jugum suna kallon allo.

A shekarar 1973 ne Robert Metcalfe da abokan aikinsa na kamfanin Xerox a Amurka suka ƙirƙiro tsarin sadarwar Ethernet. A wancan zamani kwamfutoci duka a kan waya guda suke, tamkar mutane a zaure ɗaya, in wani yana magana dole saura su yi shiru. Wajen shekarar 1990 kamfanin Kalpana ya fito da suwic, wadda takan karanta adireshin kowane saƙo ta miƙa shi ga ƙofar mai shi kaɗai. Suwic iri biyu ce. Akwai wadda ake jonawa kurum ta kama aiki, akwai kuma mai karɓar umarni, wadda ma'aikaci zai shiga cikinta ya raba kwamfutoci rukuni-rukuni, ya rufe ƙofar da ba a so, ya kuma ga inda cunkoso yake. A kan wannan ta biyu ake magana a nan.

Tsohuwar hanya ita ce a jona ta farko da ta biyu, ta biyu da ta uku, har zuwa ta shida. Wahalarta a fili take: na'ura shida, adireshi shida, saiti shida, kuma in waya ta tsinke a tsakiya duk na bayanta sun yanke. In aka ƙara wata waya don gudun haka, sai a samu zagaye, saƙonni su dinga kewayawa ba iyaka har layin ya cushe. Radia Perlman ta kamfanin Digital ce ta samo maganin wannan a 1985, wato dabarar da na'urorin da kansu suke toshe wayar da ta yi rara, sai an buƙace ta su buɗe. Sai dai a tsarinta na asali buɗewar takan ɗauki daƙiƙa 30 zuwa 50, ko da yake an gyara hakan a 2001, kuma wayar da aka toshe tana nan zaune ba ta aikin komai.

Ɗaurin suwic ya zo da wata dabara dabam. Ana jera na'urorin a kan juna, a haɗa su ta baya da gajerun wayoyi na musamman, ta ƙarshe ta dawo ta haɗu da ta farko kamar zobe. Daga nan sai su zaɓi shugaba a cikinsu, su koma tamkar na'ura guda mai ƙofofi da yawa, da adireshi ɗaya da saiti ɗaya. Samfurin Catalyst 3750 na kamfanin Cisco, wanda ya fito a 2003, yana ɗaure har tara a zobe mai gudun gigabit 32 a daƙiƙa. Catalyst 9300 na baya-bayan nan yana ɗaure takwas a gigabit 480, tsarin Virtual Chassis na kamfanin Juniper kuwa yakan kai goma. Amfanin ba ƙarami ba ne. Makarantar da ma'aikaci ɗaya tal gare ta ta rage masa aiki ninki shida. Ana iya fitar da waya ɗaya daga suwic ta farko, wata daga ta uku, a haɗa su su zama hanya guda zuwa uwar kwamfuta, dukkansu suna aiki lokaci ɗaya. In wayar zobe ɗaya ta tsinke, saƙonni sai su bi ta ɗaya ɓangaren, gudun ya ragu da rabi amma aiki bai tsaya ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake tallata abin. Mai sayarwa yakan nuna wa shugaban makaranta cewa ɗauri rigakafi ne daga lalacewa, tunda in ɗaya ta mutu saura suna nan. Gaskiya ne in ƙarfen na'urar ne ya mutu. Amma na'urorin da aka ɗaure ƙwaƙwalwa ɗaya suke aiki da ita, kuma tsintsiya in maɗaurinta ya kwance ba tsinke ɗaya ne ke faɗuwa ba. Umarni ɗaya na kuskure yana shiga dukkan shida a lokaci guda. Aibin da ke cikin manhajar shugaba na iya durƙusar da ɗaurin baki ɗaya. Dole kuma manhajar kowace ta zama iri ɗaya da ta saura, don haka ranar sabunta ta, a yawancin samfura, duka ake kashewa a sake kunnawa, ƙofa 288 su yi tsit na wasu mintoci. Mafi muni shi ne zoben ya tsinke a wuri biyu. A nan ɗaurin yakan rabu gida biyu, kowane ɓangare ya naɗa nasa shugaban, su biyun suna amsa adireshi ɗaya, kamar sarki biyu a gari guda. Gano irin wannan matsala yakan ba ƙwararre ma wuya, balle malamin da aka ɗora wa kula da ɗakin kwamfuta a kan darussansa.

Akwai kuma batun wuri. Wayoyin ɗauri na Cisco daga rabin mita zuwa mita uku suke, alhali wayar sadarwa ta tagulla tana kai mita 100. Ma'ana ke nan dole na'urorin su cunkushe a akwati ɗaya, galibi a kan soket ɗaya da inbata ɗaya. A ƙasar da wuta ke ɗaukewa ba sallama, ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu da ke toshe fankokin na'ura, abin da zai kashe ɗaya shi ne zai kashe shida.

Na ƙarshe, kuma wanda masu sa hannu a takardun kwangila ba su cika lura da shi ba, ɗauri ba shi da ƙa'ida ta bai-ɗaya. Ethernet kowa da kowa ya yarda da ita, suwic ta kowane kamfani tana magana da ta wani. Amma ba a ɗaure Cisco da Juniper, kai ko a kamfani ɗaya ma sau da yawa sai 'yan gida ɗaya. Catalyst 3750 ɗin nan tuni kamfanin ya daina sayar da ita, ya kuma daina tallafa mata. Makarantar da ɗaya daga cikin nata ta mutu yau, sai dai ta nemi ta hannu a kasuwa, ko ta canza duka.

Duk wannan ba hujja ba ce ta ƙin ɗauri, domin makarantar da ta bar suwic shida a warwatse a hannun mutum ɗaya ita ma tana gayyato wa kanta kuskure. Abin da ya dace shi ne a yi shi da awo. A zauren kwamfuta 250, ɗauri biyu masu suwic uku-uku sun fi ɗauri ɗaya mai shida, kowanne da nasa inbata, ta yadda mummunar rana za ta ci rabin zaure ne kawai. A tsakiyar sadarwar jami'a kuwa, inda rajista da ɗakin karatu da sakamakon jarrabawa suke ratsawa, gara na'ura biyu masu zaman kansu, kowace da ƙwaƙwalwarta, a sabunta ɗaya ɗayar tana aiki. A tabbatar zoben a rufe yake, don 'yan kwangila kan bar wayar ƙarshe a cikin kwali. A sayi suwic ta ajiya tun ranar da aka sayi saura, da manhaja iri ɗaya. Kafin kuma a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa, a kunna kwamfutocin duka, a zare wutar suwic ɗin da ke shugabanci a gaban idonsa, a ƙirga daƙiƙa nawa za a yi kafin allunan su dawo.